Me ya sa wakenka ya yi ganye bai yi 'ya'ya ba

Ɗana, ka ce kai kullum bayan kwana biyu kake sakar wa fangalinka ruwa, ni sai mako ya zagayo, amma nawa waken ya fi naka ɗaukar kwanso. Ba asiri na yi ba. Zo mu tona gindin.

Ka ga nawa, akwai bambaron shinkafa a shimfiɗe tsakanin layi. Sa yatsa ƙarƙashi, za ka ji sanyi da danshi ko da rana ta take. Naka kuwa ƙasa tsirara take. A nan Talata Mafara, daga Fabrairu zuwa Afrilu, rana da busasshiyar iska su ke fara shan ruwan da ka zuba kafin saiwa ta samu rabonta. Saman ya bushe ya tsage, kai kuma ka ga tsagewar ka sake kunna inji. To ƙasan can bai bushe ba, ka ƙara masa ruwa a kan ruwa.

Wake ba shinkafa ba ne. Ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa. Ciro ɗaya ka duba ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwa. Su ke jawo masa taki daga iska, kuma sai ƙasa tana numfashi suke aiki. In ruwa ya kwanta, su lalace, saiwar ta fara ruɓa, ganye ya yi ɗorawa. In bai kai ga haka ba, sai ya yi ta yaɗo kamar harawa aka shuka shi don ita.

Lokacin da nake tsoron ƙishinsa shi ne da ya fara fure har kwanso ya cika. Irin nan mai saurin nuna da ake fitarwa daga cibiyar bincike ta Samaru, wanda ke yin kwana 60 zuwa 70, yakan fara fure wajen mako na shida. A nan in ya ji ƙishi fure zai zube, abin da ya tsira kuma ƙwayar ta fito a tsumbure. Kafin fure ina ɗan ja masa rai don saiwa ta nutsa neman ruwa. Da kwanso ya fara bushewa kuma na ɗauke hannu gaba ɗaya.

Ka kuma lissafa mai. Tun 2023 da aka cire tallafin fetur, duk kunna inji kuɗi ne. Ko masu shan ruwan madatsar Bakolori ba kullum rabo ke zuwa kansu ba. Raina na ɓaci in na ga ana cinna wa bambaro wuta bayan girbi, alhali shi ne zai rage maka ban ruwa, ya danne ciyawa, in ya ruɓe ya koma taki.

Sai dai ka kula. Bari shuka ta fito ta yi mako biyu kafin ka rufe, kauri kamar faɗin yatsu uku, kuma kada ya taɓa kara, don gara da ɓera na son maɓoya. Ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya kada ka kawo min ita gona.

Gobe da sassafe ka zo da amalanke, akwai sauran bambaro a masussuka. Za mu rufe rabin fangalinka mu bar rabi, ka riƙa damƙar ƙasar kowanne a hannu kafin ka kunna inji: in ta dunƙule, bar shi sai jibi.