Tambaya da Amsa: Wa Zai Ɗaga Kofin Duniya na Kurket a 2027?

Wasiƙun da suka iso wannan shafi a wannan wata yawancinsu a kan gasar Kofin Duniya ta kurket ta yini guda suke, wadda Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya za su karɓi baƙuncinta a watannin Oktoba da Nuwamba na 2027. Na zaɓi biyar daga cikinsu, kuma na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Malam, ni sabon shiga ne a kallon kurket. Mene ne wasan yini guda, kuma yaya za a tsara gasar?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da shigowa. A wasan yini guda kowace tawaga tana samun oba 50, kuma oba ɗaya jifa shida ce, wato jifa 300 ke nan domin ta tara makin da za ta iya, sai dai idan an fitar da masu bugunta goma kafin lokacin ya cika. Babu mai jifan da aka yarda ya wuce oba goma, saboda haka dole kyaftin ya sami aƙalla mutum biyar da zai iya miƙa wa ƙwallo. Ka riƙe wannan doka da kyau, domin tawagogi da dama suna da gwanaye uku ko huɗu, amma mai jifa na biyar shi ne kafar da abokan hamayya suke shiga ta cikinta.

Bisa tsarin da hukumar kurket ta duniya, ICC, ta sanar, tawagogi 14 ne za su fafata a wasanni 54, an raba su rukuni biyu na bakwai-bakwai. Uku na sama daga kowane rukuni za su haɗu a zagaye na biyu, daga nan huɗu su wuce wasan kusa da na ƙarshe. Rabon da a yi wannan gasa a nahiyar Afirka tun 2003.

Tambaya: Malam, ashe ba ɓata lokaci ba ne yin hasashe? Indiya ta lashe Champions Trophy a 2025 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, wa zai tare ta?

Amsa: Mai tambaya yana da hujja, kuma ni ma Indiya nake sanyawa a gaba idan ana maganar yawan gwanaye. Sai dai ina roƙonsa ya duba inda aka ci wancan kofi, wanda shi ma na wata gasar ICC ce ta wasan yini guda. Dukkan wasanni biyar da Indiya ta buga a gasar a Dubai ta buga su, a kan ƙasa mai laushi wadda ƙwallo ke rage gudu idan ta taɓa ta, har ta kai ga tawagar tana shiga fili da masu murɗa ƙwallo, wato masu jifa a hankali suna juya ta, har huɗu a lokaci guda: Ravindra Jadeja, Axar Patel, Kuldeep Yadav da Varun Chakravarthy. Filayen Johannesburg da Centurion ba haka suke ba. Ƙasarsu tana da tauri, ƙwallo tana tsalle har ƙirjin mai bugu, kuma da yake filin Wanderers yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,600 daga matakin teku, iskar wurin ba ta da nauyi, ƙwallon da aka buga tana tafiya nesa fiye da yadda aka saba. A wannan fili ne a 2006 Ostareliya ta tara maki 434, Afirka ta Kudu kuma ta mayar da 438 a rana guda. Wanda ya je irin wannan wuri da masu murɗa ƙwallo huɗu ya ɗauki makamin da ba na yaƙin ba. Abin da Indiya za ta dogara a kai shi ne masu jifan sauri, kuma a nan lafiyar Jasprit Bumrah, wanda ciwon baya ya hana shi buga gasar Dubai, ta fi komai muhimmanci, tare da Hardik Pandya wanda ke cike gurbin mai jifa da mai bugu a jiki ɗaya.

Sai kuma maganar shekaru. Rohit Sharma zai cika 40 a watan Afrilun 2027, Virat Kohli kuma zai cika 39 ana tsakiyar gasar. Dukansu biyu sun ajiye sauran nau'o'in wasan ƙasa da ƙasa, na yini guda kaɗai ya rage musu, kuma tun Oktoban 2025 aka miƙa ragamar tawagar ga Shubman Gill. Ba na shakkar gwanintarsu, amma mai bugun da ba ya fuskantar jifan sauri a kai a kai idonsa yakan yi jinkirin da bai wuce ƙiftawa ba, wannan ƙiftawar kuwa ita ce tazarar da ke tsakanin maki huɗu, wato bugun da ya kai iyakar fili, da komawa benci.

Ina kuma tuna wa mai tambaya ranar 19 ga Nuwamba, 2023, a Ahmedabad, ranar da Indiya ta kara da Ostareliya a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Indiya ta iso wasan ƙarshe da nasara goma a jere, Kohli ya kammala gasar da maki 765, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a gasa ɗaya, Mohammed Shami kuma ya fitar da mutum 24. Kyaftin ɗin Ostareliya Pat Cummins ya ci ƙuri'a ya zaɓi tawagarsa ta fara jifa, abin da ya ba mutane da yawa mamaki. Rohit yana kan 47, yana bugu kamar ba gobe, sai ƙwallo ta tashi sama, Travis Head na Ostareliya ya juya da gudu yana kallonta ta kan kafaɗarsa, ya yi tsalle ya cafke ta. Daga wannan lokaci filin ya yi tsit, Indiya ta tsaya a 240, shi Head ɗin kuma ya dawo da sanda ya buga 137. Tawagar da ta fi kowa kyau na makonni shida ta sha kashi a cikin yini ɗaya, kuma tsarin 2027 bai rufe wannan ƙofa ba.

Tambaya: Malam, ni 'yar goyon bayan Afirka ta Kudu ce tun ina makaranta, amma na gaji da baƙin ciki. Shin akwai dalilin da zai sa in sake sa rai?

Amsa: Hajiya, wanda maciji ya sara ko igiya ya gani sai ya razana, kuma babu mai ganin laifinki. Sau biyar tawagarki ta kai wasan kusa da na ƙarshe, a 1992, 1999, 2007, 2015 da 2023, ba ta taɓa tsallakewa ba. A 1992 a Sydney ruwan sama ya sauka tana neman maki 22 daga jifa 13, da aka dawo fili sai dokar ruwa ta wancan zamani ta bar mata jifa ɗaya tak. Na 1999 da Ostareliya a Edgbaston ya fi ciwo. Ana neman maki tara a obar ƙarshe, mutum ɗaya ya rage a fitar, Lance Klusener ya buga huɗu sau biyu a jere, maki ya zama 213 da 213. A jifa ta huɗu ya buga ya zura da gudu, abokin bugunsa Allan Donald kuwa yana kallon ƙwallo bai motsa ba, da ya farga sai sandarsa ta suɓuce, ya taho hannu rabbana, aka riga shi isa. Ostareliya ta wuce saboda ta fi matsayi a teburin zagayen baya. A 2003 kuma, a gida, a Durban, an yi kuskuren karanta takardar lissafin ruwan sama a wasa da Siri Lanka, Mark Boucher ya tare jifar ƙarshe bai nemi maki ba don yana zaton an riga an ci, alhali kunnen doki aka yi, aka fitar da mai masaukin baƙi tun a matakin rukuni.

Duk da haka ina ganin wannan karon ya bambanta, kuma dalilina na farko shi ne Yunin 2025, lokacin da Temba Bavuma ya jagoranci tawagar ta doke Ostareliya a filin Lord's na Landan ta ɗauki kambun duniya na wasan kwana biyar, Aiden Markram ya buga 136, shi kuma Bavuma ya ci gaba da bugu yana ɗingishi da ciwon cinya. Rabon ƙasar da babban kofin ICC na maza tun 1998. 'Yan wasan da suka ga da idonsu cewa ana iya kammala aiki a babbar rana ba za su shiga fili da nauyin da magabatansu suka ɗauka ba. Dalili na biyu shi ne masu jifan sauri Kagiso Rabada da Marco Jansen da Lungi Ngidi a kan waɗannan filaye suka girma, sun san tsawon jifar da ke sa ƙwallo ta tashi. Na uku, masu masauki ne suka ci kofin a 2011 da 2015 da 2019.

Abin da ke damuna shi ne ritayar Heinrich Klaasen a 2025, domin shi ne mutumin da ke tarwatsa masu murɗa ƙwallo a tsakiyar wasa, kuma matasa irin su Dewald Brevis da Tristan Stubbs ba su riga sun nuna za su iya yin haka mako bayan mako ba. Kada kuma a manta Pakistan ta zo har gida a Disambar 2024 ta cinye su wasa uku a jere. Idan kika tilasta mini in ambaci suna ɗaya, to Afirka ta Kudu zan ce, amma ina faɗa ne hannuna a kan ƙirji.

Tambaya: Malam, na ji manyan 'yan wasan Ostareliya sun yi ritaya. Shin zamaninta ya wuce? Ingila da Pakistan fa?

Amsa: Gaskiya ne David Warner da Steve Smith da Glenn Maxwell da Marcus Stoinis duk sun bar wasan yini guda, kuma Mitchell Starc zai kasance yana da shekara 37, Josh Hazlewood 36. Amma ƙasar da ta ɗauki kofin sau shida, a 1987, 1999, 2003, 2007, 2015 da 2023, ba a yi mata jana'iza tun tana numfashi. A 2023 ta sha kashi a wasanninta biyu na farko, sannan ta ci tara a jere. Filayen Afirka ta Kudu sun yi kama da nata na gida, kuma a Wanderers ne ta tara 359 ta doke Indiya da tazarar 125 a wasan ƙarshe na 2003. Ita ce tawagar da babu kyaftin da ke fatan haɗuwa da ita a wasan kusa da na ƙarshe.

Ingila, zakarar 2019, ta ƙare ta bakwai a 2023, ta kuma faɗi wasanninta uku duka a Champions Trophy, abin da ya sa Jos Buttler ya sauka Harry Brook ya karɓa. Masu bugunta suna buga oba 50 kamar oba 20 ce, sai su ƙare tun da sauran lokaci. Pakistan kuwa tana da masu jifan saurin da suka dace da wurin, Shaheen Afridi a gaba, amma tawagar da ta ci Ostareliya da Afirka ta Kudu a gidajensu a ƙarshen 2024, ita ce bayan wata biyu aka fitar a matakin rukuni a Champions Trophy, gasar da take masauki. Mai tambaya bai ambaci New Zealand ba, kuma haka ake yi mata kullum, alhali ta buga wasan ƙarshe a 2015 da 2019, ta kai na kusa da shi a 2023.

Tambaya: Malam, akwai ƙaramar tawagar da za ta iya ba da mamaki kamar Kenya a 2003?

Amsa: Kenya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a waccan shekara, amma ya kamata a tuna New Zealand ta ƙi zuwa Nairobi saboda dalilan tsaro, aka ba Kenya makin wasan. Wadda ta fi kusa da maimaita irin wannan ita ce Afganistan, ko da yake kiranta ƙarama ya fara zama rashin adalci. A 2023 ta doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka, ta kuma durƙusar da Ostareliya a kan maki 91 an fitar da mutum bakwai, kafin Maxwell, ƙafafunsa sun ɗaure ba ya iya gudu, ya tsaya wuri ɗaya ya buga 201. A 2025 a Lahore ta sake doke Ingila, Ibrahim Zadran ya buga 177. Matsalarta irin ta Indiya ce amma ta fi tsanani: ƙarfinta a hannun Rashid Khan da sauran masu murɗa ƙwallo yake, kuma filayen tudu ba za su taimake su ba, sai dai idan jadawali ya kai ta wurare irin su Paarl, inda ƙwallo kan rage gudu.

Zimbabuwe ta sami gurbi kai tsaye a matsayin mai masauki, bayan ta rasa gasar 2019 da ta 2023, duka biyun a wasannin share fage da aka yi a gidanta. Namibiya ba ta sami wannan gata ba domin ba cikakkiyar mamba ce ta ICC ba, sai ta bi ta share fage kamar kowa, kuma hanyar ba ta da sauƙi: a can ne West Indies, zakarar 1975 da 1979, ta faɗi a hannun Netherlands da Scotland a 2023, aka yi Kofin Duniya na shekarar a Indiya babu ita.