Amsa: Zafin ciki da ke dawowa bayan an sha magani

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya dalilin da ya sa zafin cikin maigidanki yake lafawa idan ya sha omeprazole, sannan ya dawo da zarar ya daina. Sau da yawa sanadin wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke shiga ta ruwa ko abinci marar tsafta, ta zauna a bangon tumbi shekara da shekaru tana sa shi kumburi, har ta kai ga gyambo. Omeprazole yana rage tsamin ciki ne kawai, ba ya kashe ta.

Ya je asibiti nan Maraɗi a gwada bayan gidansa, domin idan an sami ƙwayar cutar likita zai haɗa masa magungunan kashe ƙwayoyin cuta akalla iri 2 tare da omeprazole, na kwana 10 zuwa 14, kuma dole ya shanye ko ya ji sauƙi. A ganina babbar illa ita ce ƙwayoyin maganin ciwon jiki na 'yan talla, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke ƙara cin bangon tumbin. Idan ya yi aman jini ko baƙin kashi kuwa, a kai shi asibiti nan take.