Amsa: Sphinx ya kasa samun FreeSerif a kwamfutar da ba intanet

Malam, ka ce kwamfutar ofishinku a Jidda ba ta da intanet, kuma Sphinx, manhajar haɗa takardun bayani, yana tsayawa idan zai fitar da PDF ta hanyar XeLaTeX, manhajar da ke tsara shafukan, yana cewa bai ga salon haruffan (font) FreeSerif ba. Waɗannan haruffa suna cikin kunshin manhaja (package) mai suna fonts-freefont-otf.

Ka nemi wata kwamfuta mai intanet wadda sigar Ubuntu (tsarin da ke tafiyar da kwamfutar) ɗinta ta zo ɗaya da taka, ka sauke kunshin da umarnin apt download, ka kawo shi a filash, ka saka shi a kwamfutar ofishin da umarnin dpkg -i, sannan ka sabunta jerin haruffa da umarnin fc-cache. Inda mutane ke yawan tuntuɓe shi ne sauke fayilolin haruffan nau'in ttf, alhali Sphinx nau'in otf yake nema. Idan ba ka da ikon sudo (izinin saka manhaja a kwamfutar), sai ka tuntuɓi mai kula da na'urorin ofishin.