Tambaya da Amsa: Injin na ruri, pistole na tofi

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne a Sabon Gari, nan Damagaram, gadaje da almuwar na amare nake yi. Wana da ke Faransa ya aiko mani da injin feshin fenti da ake kira turbin, wanda aka ɗan yi aiki da shi, amma babu pistole, wato bindigar feshin, a cikin kwalin. Na shiga kasuwar Dole na sayi sabo, an rubuta HVLP a jikinsa kamar yadda aka rubuta a jikin injin, mai walda ya haɗa mani bakin tiyo. Da na kunna, injin sai ruri yake, pistole kuwa sai tofi, barni, wato man ƙyallin katako, na fita guda-guda kamar yayyafi. Injin ne ya mutu, ko jabun pistole aka sayar mani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, ina kyautata zaton injinka lafiya lau yake, mai shago ma bai cuce ka ba. Kama da wane ce ta rufe ka, ita kuwa ba ta wane. Haruffan nan huɗu na Turanci ne, abin da suke nufi shi ne iska mai yawa, matsi kaɗan, kuma ƙa'idarsu ita ce kada matsin iska a bakin pistole ya wuce bar 0,7 (bar shi ne ma'aunin matsin iska). Amma hanya biyu ake bi a kai ga hakan, kowace da pistolenta.

Ka tuna zugazugin maƙeri, ka kuma tuna iskar da ke cikin tayar mota. Kwampireso ɗan gidan taya ne: yana tara iska a tanki har bar 8, ya turo ta cikin siririn tiyo. Pistolen da aka yi dominsa yana karɓar kamar bar 2 a gindi, sai ƙananan hanyoyin da ke cikinsa su karya ƙarfin kafin iskar ta kai baki. Turbin kuwa zugazugi ne. Ba shi da tanki, fanka ce ke juyawa da gudu kamar ta injin tsotsar ƙura, tana huro iska mai yawa amma marar ƙarfi, galibi iyakar ƙoƙarinsa bai wuce wannan bar 0,7 ba. To kai ka ɗauki wannan ƴar iska ka tura ta cikin pistolen da aka ƙera don rage ƙarfi. Me zai rage da zai farfasa barni ya zama hazo? Shi ne tofin da kake gani, kuma ko mai walda goma ka tara ba su gyara shi.

Gane su ba wuya. Tiyon turbin ya kai kaurin na ban-ruwan lambu, mashigar iskar pistolensa ma faɗi gare ta. Ta pistolen kwampireso kuwa da kyar fensir zai shiga.

Ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan na taɓa ƙonewa. Pistolen turbin ma iri biyu ne. Akwai wanda iska ke fita daga bakinsa kullum muddin injin na kunne, ko ka ja kunama ko ba ka ja ba. Akwai kuma wanda yake toshe iskar da zarar ka saki. Wannan na biyun ya fi daɗin aiki, ba ya tayar da ƙura a kan katakon da ka shafa, amma sai da injin da aka yi wa ƴar ƙofar da iska za ta riƙa kuɓucewa. Ni shekarun baya na sa irinsa a tsohon injin da ba shi da wannan ƙofa, ina feshin ƙofofin wani gida a Birni. Duk lokacin da na tsaya juya ƙofa, iska ta rasa mafita, injin na ta ɗaukar zafi ban sani ba. Kafin la'asar na ji ƙaurin waya, shi ke nan, aikin da ya rage da buroshi na ƙarasa shi. Saboda haka ka ɗauki hoton ƙaramin allon da ke jikin injinka, inda suna da lamba suke, ka aika wa wanka ya nemo pistolen kamfanin da aka yi wa wannan lambar. Wagner, Fuji, Apollo, Graco, kowa da irin mahaɗin tiyonsa, wasu na shiga na juna, wasu sai da ƙarin mahaɗi.

Da lambar nan ka bincika fanka nawa ke ciki, kowace fanka hawa ɗaya ke nan. Mai hawa biyu ya isa barni da fenti mai ruwa-ruwa. Fentin mai, mai ɗan kauri, yana son hawa uku ko huɗu. Fentin ruwa na bango kuwa kada ka wahalar da ƙaramin injin, rulo ya fi shi sauri.

Ka ce masa ya haɗo da baki biyu, na milimita 1,3 don barni da na 1,8 don fenti mai kauri. Allura da baki da hular iska tare suke tafiya su uku, ba a ɗauko allurar wannan a sa a bakin wancan. In akwai ɗan kofin auna kauri mai huji a gindi, a sako shi. Mu dai da sanda muka saba gwadawa, amma kofi ba ya ƙarya, kuma shi ke hana ka zuba diliyan, wato ruwan tsinka fenti, fiye da kima har fenti ya riƙa zubar hawaye a jikin almuwar.

Ka yi sa'a daga Faransa aka aiko, wutarsu ta dace da tamu ta bolt 220. Wanda aka kawo wa daga Amurka, mai 120, in ya soka kai tsaye sai dai ya yi ta'aziyya. In da gurup, wato janareto, za ka yi aiki, duba wat ɗin injin tukun, manyan suna haura 1000.

Sai abin da takardar injin ba za ta gaya maka ba, don ba a Damagaram aka rubuta ta ba. Iskar turbin da ɗumi take fita. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, barni kan bushe tun kafin ya sauka, ka shafa katako ka ji shi kamar rairayi. Yi feshi bayan sallar asuba, ka bar tiyon da tsawonsa don iskar ta huce a hanya, ka riƙe pistole kamar santimita 15 zuwa 20 daga katako. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka karkaɗe soson tace iskar kullum, ka ajiye injin nesa da inda hazon fenti ke tashi, in ba haka ba shi zai shaƙe. Kai ma ka sa abin rufe hanci mai gawayi, rawani ba ya tare diliyan.

Pistolen da ka saya kada ka yar. Masu fentin mota za su so shi, amma fa mai babban kwampireso, don irinsa na cin iska sama da lita 300 a minti, ƙaramin nan mai tankin lita 50 ba ya iya bin sa. Ka zaga gareji biyu ko uku da shi cikin kwalinsa, ka karɓi kuɗinka ka ƙara a na jigilar sabon.