Odar da ta ƙi goguwa a SAP: wa ya kulle ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen sayarwa na wani kamfanin rarraba taki da buhunan shinkafa a nan Sakkwato, muna amfani da SAP, manhajar gudanar da harkokin kamfani. Wani dillali ya fasa saye, na shiga VA02, shafin gyara oda, zan goge odarsa, sai kwamfuta ta ce wani yana aiki a kanta. Sunan da ta nuna ba na kowa ba ne a ofishinmu. Abokin aikina ya ce mu shiga SM12, shafin da ke nuna abubuwan da aka kulle, mu cire kullen da ke kan odar kawai. In yi? Malam Bello, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam Bello. Don Allah dakata, kada ka taɓa wannan kullen tukuna.

Sunan da ka gani, da alama na asusun da manhajar ke gudanar da ayyukan bayan fage da shi ne, waɗanda aka sa wa lokaci su tashi da kansu: fitar da takardun biya, ko sake raba kayan sito ga odoji kamar yadda aikin da ake kira V_V2 ke yi. Duk aikin da zai canza oda sai ya fara kulle ta, don kada hannu biyu su rubuta a kanta lokaci guda. Cire kullen alhali aikin yana tafiya kamar ɓalle kwaɗon sito ne ana tsakiyar ƙirga buhuna, sai lissafin takarda ya saɓa da abin da ke ƙasa.

Ka buɗe SM12 ɗin, amma don dubawa: wane asusu ne ya riƙe odar, tun ƙarfe nawa. Daga nan ka je SM37, shafin ayyukan bayan fage, ka nemo aikin asusun da aka rubuta masa Active, wato yana kan tafiya. Sai dai wannan rubutun bai isa shaida ba. A nemi mai kula da sabar ku, wato babbar kwamfutar da SAP ke zaune a kai, ya duba SM50, shafin da ke nuna abin da sabar ke gudanarwa a yanzu, ko SM66 idan sabar ta fi ɗaya, ya ga ko akwai layin BTC, wato na ayyukan bayan fage, da ke ɗauke da aikin da gaske.

Idan yana tafiya, haƙuri ya fi. Yawanci yana gama da odar zai sake ta. In dole ne a tsayar, a sanar da mai aikin, a soke shi daga SM37, kuma a tuna cewa abin da ya riga ya adana ba zai warware ba, wanda bai kai ga adanawa ba ne kawai ke komawa yadda yake.

Wani lokaci kuma aikin ya daɗe da mutuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, inda ake ɗauke wuta a watan Afrilu, janareta ya yi jinkirin tashi, ɗakin saba ya ɗau zafi. SM37 zai ci gaba da nuna Active alhali babu komai a SM50. A nan sai a zaɓi aikin a danna Check status, manhajar ta gyara matsayinsa ya koma sokakke. A leƙa SM13, shafin da ke nuna adanawar da ba ta kammala ba, a tabbatar babu wani adanawa da ya maƙale a kan odar. Bayan wannan ne kaɗai na yarda a cire kullen a SM12, shi ma layin odar kaɗai, kuma mai kula da saba ne zai cire.

Akwai abin da ba ka faɗa ba: an riga an fitar wa odar takardar kai kaya? Idan an fitar, ko babu kulle SAP ba za ta bari ka goge ba. Sai dai a fara warware takardun da suka biyo bayanta, ko ka sa wa kayan dalilin ƙin karɓa, wanda ni na fi so don masu binciken kuɗi za su ga abin da ya faru.

Idan kuma kullum a lokacin aiki kuke karo da wannan, ku nemi a mayar da aikin zuwa bayan sallar isha'i, sa'ar da kowa ya tashi daga ofis.