Ni ma ta bakin ɗan aike na ji an cire ni

Ɗan'uwa da ka ce abokan waƙarka sun ajiye ka, kake tambaya ko da gaske Beatles, shahararriyar ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, su ma sun kori mai gangarsu dab da su yi suna, wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi.

Da gaske ne, Pete Best sunansa. Agustan 1960 ya shiga cikinsu, da shi aka tafi Hamburg a Jamus suna kwana kiɗa a kulob ɗin Indra, makwancinsu wani ɗan ɗaki bayan allon silima kusa da banɗaki. Da shi aka je gwajin kamfanin faifan waƙa na Decca ranar 1 ga Janairun 1962 aka ce ba a so. Kai har a Casbah, kulob ɗin mahaifiyarsa a Liverpool, sun sha yin wasa. Amma da George Martin, furodusan da zai ɗauki waƙoƙinsu, ya nuna kiɗansa bai yi masa ba, sai manaja Brian Epstein ya kira shi ofis a Agustan 1962 ya sallame shi, aka kawo Ringo Starr, Oktoba faifansu na farko ya fito. Abokan waƙarsa Lennon da McCartney da Harrison ba wanda ya iya kallon idonsa ya faɗa masa.

To nan ne ke ci min rai, don ni ma haka aka yi min. Shekara uku ina buga musu fiyano, ni ke sayen man janareto, har babur ɗina na sayar muka biya situdiyo, ranar da aka samu babban biki na farko yaron da ke share situdiyo ne ya ce min wai oga ya ce in huta tukuna. In huta! Da daddare na ga wani a kan fiyanona a status, shi kuma ogan da muka ci kwano ɗaya har yau in mun haɗu wayarsa yake dannawa.

Kar ka yi rigima a group, ni na yi, ba abin da ta ƙara min. Ka kwashe fayil ɗinka tun yau, duk waƙar da ka sa hannu a rubuta sunanka a takarda. Kuma ka riƙa cin abinci don Allah, ni sai da na rame. Shi Pete aikin gwamnati ya koma, sai 1995 da aka fitar da tsofaffin rikodin ɗinsu ya samu kuɗi mai kauri. Ni ko kuɗin babur ɗin ba a ba ni ba.