Amsa ga ɗan uwan da HOA (ƙungiyar masu gidajen unguwa a Amurka) ta ci tararsa kan fakin a bakin titi

Wa alaikumus salam ɗan uwa, barka da sabon gida, Allah ya sa albarka. Kace an turo maka takardar tara saboda motocin baƙinka sun kwana a bakin titi ranar suna, kuma kana tambaya wai ƙungiyar masu gidajen unguwa tana da hurumin hakan tunda ba gwamnati bace. To gaskiya tana da shi, amma ba a ko'ina ba, kuma ba yadda suka ga dama ba.

Ranar da ka sa hannu ka karɓi makulli, cikin tulin takardun nan akwai wadda ake cewa CC&Rs, ita ce dokar unguwar, an yi mata rajista a ofishin gunduma kuma tana bin gidan ne ba mutum ba, ko ka karanta ko baka karanta ba ta hau kanka. Ni na daɗe a Houston, mafi yawan mutanenmu sai tara ta zo suke neman inda suka jefa takardar.

Abu na farko ka gano titin na waye. In irin unguwar nan ce mai get, titin nasu ne su ke gyara shi da kuɗin da kuke biya, to nan bakinsu na da ƙarfi, har janwe suna iya kira. In kuma titin gari ne, magana ta canja, ya danganta da jiha da abinda takardar ta faɗa. Arizona ma doka suka yi, unguwar da aka yi wa rajista bayan ƙarshen 2014 ba ruwan HOA da titin gwamnati. Florida kuma tun Yulin 2024 ba za su hana ka ajiye motarka ta hawa a gaban garejinka ba, ko da a-kori-kura ce.

Tunda kace a Texas kake, nemi babi na 209 na dokar kadarori. Kafin su ci ka tara sai sun rubuto maka sun faɗi laifin, in abu ne mai gyaruwa su baka lokaci ka gyara, kuma kana da kwana 30 daga ranar da aka aiko wasiƙar ka nemi zama da kwamitin ƙungiyar. Dan Allah a rubuce zaka nema, imel ko wasiƙa, ban da waya, wanda ya ɗauka gobe zai ce bai san zancen ba. Ka ce su nuna maka sakin layin da ka karya da jadawalin tara. Ka fita da dare ka ɗau hoton sauran motocin layin, wallahi akwai wani maƙwabcina da motarsa kusan kullum a titi take kwana ba wanda ya taɓa ce masa uffan, da wani bawan Allah da aka ci tara ya ajiye hotunan a teburin kwamiti shiru suka yi, aka yafe masa. 'Yan kwamitin ma maƙwabta ne masu aikin sa kai, wani tsoho ne da ya yi ritaya, in ka je da ladabi sau da yawa na farko suna ɗagawa.

Abinda ban yarda dashi ba shine shawarar da wani ya baka wai ka share su. Tara tana taruwa, a miƙa wa lauya, kuɗin lauyan ya fi tarar. A Texas ba za su sayar da gidanka kan tara kaɗai ba, amma kuɗin ƙungiya na wata ko na shekara kada ka kuskura ka riƙe shi don fushi, wannan kam yana kai mutum ga rasa gida.

Sallah ko walima ta gaba ka tura musu saƙo tun da wuri, wasu suna bada katin baƙi a manna a gilas, sauran kuma a haɗu a mota ɗaya.